Ramuka Tara, Ƙara Takwas

Zuwa ga mahaifiyata, Hajja Falmata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, irin wadda kika hore mu da ita, a durƙushe ba a tsaye ba, ina roƙon Allah Ya yalwata miki makwanci, Ya haskaka shi, Ya sa kina cikin rahamarSa. 'Yarki ce Yagana ke rubuto miki daga gidanmu na Galtimari. Wushe, Hajja, gaisuwarmu ta Kanuri.

Shekara uku ke nan da aka fita da ke ta ƙofar nan. Jikokinki suna lafiya. Ina nan ina koyarwa a firamaren da kika sani, murya tana ƙara dishewa, yara suna ƙara yawa. Kaskon turarenki yana hannuna, amma har yau ban iya haɗinki ba. Duk wadda ta shigo sai ta ce da daɗi, sannan ta ƙara da cewa ba kamar na Hajja ba. Labarin lafiya ya ƙare ke nan. Saura duk maganar Bukar ce.

Autanki ba ya garin nan. Kin bar shi yana jan keke tsakanin Wulari da kasuwa, to bara keken ya gaji, shi ma ya gaji. Sai wani abokinsa ya kawo masa labarin sabon wurin haƙar ma'adinai da ake buɗewa a duwatsun jihar Nasarawa, ana neman leburori masu ƙarfi. Wani farin dutse suke nema, sunansa litiyam. Da shi ake yin batir, na waya da na sola, har da na motocin da aka ce ba sa shan mai. Kin tuna lokacin da mutanen daji suka kayar da turakun wuta, garin nan ya yi wata da watanni babu lantarki, kowa ya bazama neman sola? Kina kiran batirin gidanmu akwatin haske, kina hana yara zama a kansa. Ashe asalinsa dutse ne, Hajja, kuma ɗanki yana cikin masu fasa shi yanzu.

Ni na ƙarfafa masa gwiwa, ba zan ɓoye miki ba. Na ce ya tafi inda tayar mota za ta fashe mutane su tsaya kallo maimakon su watse. Na ce ya je kunnensa ya huta. Kwana uku da isarsa ya kira ni yana dariya har yana tari, ya ce, "Yaya, na gudo daga ƙara, na faɗo inda ƙara ita ce aikin." Ranar ni ma na yi dariya.

Wurin sabo ne fil. Da ya isa ko hanyar kirki babu, katafila ce a gaba tana yanka tudu, tifofi na bin ta a baya. Masu kamfanin baƙi ne daga wata ƙasa, da hulunan kwano da tafinta. A gindin dutsen gonakin doya ne, masu su na tsaye suna kallon tudun da suka buɗe ido suka gani yana raguwa kullum. Da yawansu ma sun ajiye fartanya sun shiga aikin.

Bukar yana cikin masu huda dutse. Su riƙe inji su huda ramuka, su share su tas, sannan su ja da baya. Daga nan aiki ya koma hannun mutum ɗaya, mai nakiya. Shi ke cusa nakiya a kowane rami da igiyarta. Bayan azahar sai a kaɗa jiniya, kowa ya koma bayan wani tudu ya laɓe, shi kuma ya kunna igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya sheƙo da gudu. Sai su fara tashi, wata na bin wata, yana ƙirgawa. In lissafinsa ya cika ya hura usur, mutane su koma su kwashi dutse.

Kin ga inda maganar ta nufa, ko? Ƙirga ƙara. Wa ya kai 'ya'yanki iya wannan?

Ina tuna ranar farko da bam ya tashi kusa da mu, a tsohon gidanmu na Wulari. Da hantsi ne, kina tsakar gida kina daka itacen turare, Bukar na cin ɗumame, sai garin ya girgiza, tantabarun maƙwabta suka tashi gaba ɗaya. Muka zabura za mu yi waje. Kika ajiye taɓarya kika ce, "Kowa ƙasa." Kika shimfiɗa tafin hannunki a daɓen ƙasa, kika sa mu ma muka yi haka. Kika ce kada mu yarda da kunne, domin ƙara tana dukan gini ta dawo, ɗaya ta zama biyu. Ta gaske a hannu ake jin ta, ta ƙasa take shigowa, kamar ana daka a gidan da ke jikin namu. Wadda ta dawo kuwa iska ce kawai. Ranar kunnena ya ji huɗu, hannuna ya ji biyu. Da yamma rediyo ya ce biyu ne.

Dokarki ta biyu ita ce ba a zuwa kallo. "Suna tayar da ɗaya don mutane su taru, sannan su tayar da wata," kika ce. "Duk wanda ya fita kafin na ce a fita, ban yafe ba." Ke da ba kya iya yanka kaza, ranar idonki ko ƙiftawa bai yi ba.

Da waɗannan biyun muka ƙetare shekarun nan. Har matan layi suna yi miki tsiya wai Hajja ta fi rediyo saurin labari, ke kuma ki ce ai rediyo a tsaye yake saurare.

To Bukar ya tafi da abin a jikinsa. Duk ranar da aka kaɗa jiniya, sauran leburori su toshe kunne, shi kuwa ya tsuguna ya dafa ƙasa, leɓensa na motsi. In an hura usur kuma shi ne na ƙarshen shiga, kullum. Suka sa shi gaba da zolaya, wai ɗan Borno ya fara duba, wai mai gudun bam ga shi yana tsoron tsakuwa. Da dariya ya ba ni labarin. Ya ce shi kansa bai san yana yi ba sai ya ga hannunsa a ƙasa. Ya ce kuma duwatsun can sun fi gine-ginenmu iya mayar da ƙara, a tayar da ɗaya ka rantse uku ka ji.

Sati biyar da suka wuce, ranar wata Talata, wayata ta yi ƙara ina tsakiyar darasi. Baƙuwar lamba ce, muryar dattijo. Ya ce sunansa Baba Danladi, ɗan ƙauyen ne, tare suke aiki da Bukar. Ya ce, "Malama, ke ce yayarsa? Kada ki ji tsoro, yana da rai." Kin san mu mutanen Maiduguri, in aka fara mana magana da "yana da rai" mun san abin da ya rage ba mai daɗi ba ne. Na fita na bar yara da rabin jimla a allo, na jingina da bangon aji ina saurare.

Ga abin da ya faru kwana ɗaya kafin kiran, yadda dattijon ya faɗa mini.

Ramuka tara suka huda a ranar. Bukar ya sani, don shi ya share su da hannunsa. Aka kaɗa jiniya, aka laɓe, nakiya ta tashi. Mai nakiya ya ƙirga tara, ya hura usur. Hannun Bukar takwas ya ji.

Mutumin da kullum shi ne na ƙarshe, ranar ya riga kowa. Ya sha gabansu a 'yar siririyar hanyar da ke gangarawa ramin, ya buɗe hannuwa ya tare. Baba Danladi ne a gaba, ya kauce zai wuce, Bukar ya cafko rigarsa ta baya har ta yage zuwa ƙugu. Tsoro ya kwashe masa Hausarsa kaf, Hajja, da Kanuri yake ihu. Dattijon ya ce mini, "Malama, ƙaninki ya riƙe ni kamar ya kama ɓarawo a kasuwa. Ina zaginsa, yana ihu da yarenku, ba mai jin abin da yake faɗa. Foman, shugaban leburori, ya taho zai mare shi. Bai ƙaraso ba ta tashi."

Ta tara ke nan. Igiyarta ce ta yi nawa, tana ci a hankali. Duwatsu suka yi sama suka zubo, ɗaya ya farfasa gilashin katafila. Mutum goma sha biyu ne a kan hanyar nan, ko ƙwarzane babu wanda ya samu.

Na ce alhamdu lillahi, na ce to ai wannan abin godiya ne, Baba. Sai dattijon ya ce da sauran magana. 

Mai nakiya ya ga aikinsa zai tafi. Da manya suka taru sai ya ce, "Tara na cusa, tara suka tashi, kowa ya ji da kunnensa. Wannan ta goma ce, ba tawa ba ce. A tambayi wanda ya san da ita." Kuma gaskiya kowa ya ji tara, wasu ma sun ji fiye. Nan take wani ya tuna mutumin nan kullum sai ya dafa ƙasa yana motsa baki. Wani ya tuna ihun da ya yi da yaren da ba a sani ba. Wani ya tuna garin da ya fito. Abin da jiya suke dariya a kai, yau ya zama shaida. Kafin la'asar motar masu kaki ta zo, aka ce tambayoyi kaɗan za a yi masa.

Tambayoyi kaɗan, Hajja.

Ba sai na tuna miki inda muka taɓa jin wannan magana ba. Modu, ɗanki na tsakiya, yana wanki a ƙofar gida washegarin ranar da wani bam ya tashi a bakin layinmu. Aka zo aka tattara samarin unguwa. Da kumfa a hannunsa ya shiga motar, yana ce miki ki kwashe masa kayan kada akuya ta taka. Aka ce miki tambayoyi kaɗan ne, zai dawo kafin azahar. Kika ƙarasa masa wankin, kika shanya, kika linke.

Babu ofishin da ba ki je ba. Babu malamin da bai yi miki addu'a ba. Da muka tashi daga Wulari zuwa Galtimari, sai da kika bi shagunan layin ɗaya bayan ɗaya kina ba su kwatancen sabon gidan, don kada ya dawo ya rasa mu. Shekara bakwai kina jin taɓa ƙofa kina miƙewa kafin kowa. Har kika kwanta ciwon ƙarshe babu wanda ya ce mana ga shi, babu wanda ya ce ga kabarinsa.

Wasiyyarki ba ta da tsawo. Kin kama hannuna kika ce, "Namiji ɗaya ya rage. Ki riƙe shi."

Kwana goma sha ɗaya Bukar ya yi a hannunsu. Ban san yadda zan kwatanta miki su ba. Na je wurin Bulama, mai unguwarmu, ya rubuta takarda cewa ya san yaron, ya san uwarsa, ya san gidansu. Na kai ta wani ofis a GRA, na wuni a kan benci, aka ce wannan ba maganar jiharmu ba ce. Na haɗa jaka zan bi motar safe, mijina ya tsaya a ƙofa ya ce, "In kika je da wannan fuska da wannan harshe, mutum biyu za a tsare." Na yi kwana biyu ban yi masa magana ba, alhali na san gaskiya ya faɗa.

In aka buga ƙararrawar makaranta sai na zabura. In na ɗora tukunya sai na manta na ɗora. Abu ɗaya nake tsoro, kada a ce an wuce da shi gaba. Kin san ma'anar gaba a wurinmu, wuri ne da ba shi da suna, ba shi da ƙofar da mutum zai je ya ƙwanƙwasa. Kullum da safe in kira Baba Danladi in ce, "Yana nan?" Ya ce, "Yana nan, Malama." Sai in samu numfashin da zai kai ni gobe.

Dattijon nan, Allah Ya saka masa. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, addininmu ba ɗaya ba, yarenmu ba ɗaya ba. Ya hana matarsa ɗinke rigar. Kullum sai ya sa ta a yage, ya je ya zauna a gindin mangwaron da ke gaban inda aka tsare Bukar, duk mai kakin da ya wuce ya juya masa baya ya nuna masa. Ya bi sauran mutanen nan goma sha ɗaya gida gida, har suka yarda suka ƙi shiga rami. Da aiki ya tsaya sai aka turo wani injiniya. Ya gangara da dattijon, suka bi gurbin ramukan ɗaya bayan ɗaya. Tara ne. Babu na goma, babu inda aka taɓa huda na goma. Mai nakiya ya sunkuyar da kai ya ce wataƙila amsa-kuwwa ce ya haɗa a lissafi.

Abin da yaro ɗan aji biyu zai ƙirga a minti biyar, shi ya ci kwana goma sha ɗaya.

An sake shi, Hajja. Ɗanki ya fito da ƙafafunsa. Sai dai an ce kada ya bar garin, duk sati ya je ya nuna kansa. Wanda ya buɗe masa ƙofa kuma ya raka shi da magana, ya ce, "Sunanka yana wurinmu. In muka sake jin sa a maganar nakiya, ko da gaskiyarka, ba nan za a kawo ka ba." Don haka ba shi da halin dawowa gida. In ya taho, an ce ya gudu. Ya koma bakin aikinsa, a ramin nan dai.

Da yamma ya kira ni, na dawo daga makaranta ke nan. Muryarsa ta yi siririya, kamar ta wanda ya tashi daga zazzaɓi. Na tambaye shi me suka yi masa, ya ce ba komai. Na sake tambaya, ya ce ba komai, Yaya. Ban yi ta uku ba. Ya ce tambaya ɗaya suke ta juyawa, wai a ina ya koya. "Na ce musu uwata ce ta koya mini. Sai suka ce ita kuma wa ya koya mata, tana ina yanzu." Kin ji, Hajja. Ke da turminki da itacen turarenki, har ke sai da aka nemi adireshinki.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki biro, kuma ina jin kunyarki ko da ba kya gabana.

A wayar nan na ce masa, "Bukar, yau ni ce Hajja. Ka saurare ni da kyau. Daga yau, in ka dafa ƙasa lissafi bai cika ba, ka tsaya a baya yadda ka saba. Kada ka tare kowa, kada ka yi ihu, kada ka ce uffan. Ka ja bakinka ka yi shiru."  Sai ya ce, "Yaya, in mutane ne a gaba fa?"

Na ce mutane suna da nasu yayyen.

Da bakina na faɗa. Ni da nake tsayawa gaban yara arba'in ina koya musu taimakon juna. Ban tsaya nan ba, na ce sai ya rantse. Na ambaci Modu, na ambace ki, na yi kuka har sai da na san ba shi da hanyar fita. Kin san shi, tun yana rarrafe bai taɓa ce mini a'a ba. Ya ce, "To, Yaya." Ya rantse da Allah. Na kashe waya na ji wani sanyi a ƙirjina, na zauna na cinye tuwo malmala biyu, karon farko tun ranar Talatar nan. Na ce na riƙe miki shi.

Sati uku na yi a haka, hankalina kwance. Sai jiya Baba Danladi ya kira don gaisuwa. Ya ce ya ba wani direba doya ya kawo mini, in sa ido. Muryarsa fal farin ciki. Ya ce, "Malama, an kawo sabon mai nakiya, amma mu yanzu ba ruwanmu da usur. Yana hura abinsa, ba mai motsi. Bukar muke kallo. In ya ɗaga hannunsa daga ƙasa bai ce komai ba, shi ke nan, mu shiga da ƙarfinmu. Matata ta ce in gaya miki, duk Lahadi sai ta sa sunansa a addu'a."

Hajja, kin ji abin da na yi?

In bai ce komai ba, su shiga. Shirun da na ɗora masa da rantsuwa, shi suke jira kafin su gangara. Mutumin da ya yi kwana goma sha ɗaya da yagaggiyar riga a gindin mangwaro saboda ɗanki, shi ne a gaban layi. Sabon mai nakiyan kuma ɗan Adam ne, da kunne yake ƙirgawa, duwatsun nan ba su daina mayar da ƙara ba.

Kin san me na ce wa dattijon? Na ce amin, na gode. Na ce ya gaishe da mai ɗakinsa. Na tambaye shi ko an yi ruwa a wajensu.

Tun jiya tsoro biyu ke cina, ban san wanda ya fi ba. In ranar ta sake zuwa Bukar ya cika mini alkawari, zai tsaya yana kallon bayan mutane suna gangarawa, yana sane. Ko ya rayu shekara ɗari, wanda zai dawo mini ba ɗanki ba ne, kuma ni na yi. In kuma ya buɗe baki, to an sake jin sunansa, za a zo da mota, kuma wannan karon ba wanda zai san gindin bishiyar da zai je ya zauna. Shi ma ya sani. Tun da dattijon ya ce shi suke kallo, na gane dalilin da ya sa kwanan nan in na kira shi gaisuwa kawai yake yi ya ce ana nemansa. Kullum bayan azahar yana tsugune da hannu a ƙasa, mutane goma sha biyu sun zuba masa ido, rantsuwata na wuyansa.

Da kina nan me za ki ce masa? Na juya tambayar nan har na gaji. Ke ce kika hana mu zuwa kallo. Amma kuma ke ce, in ta lafa, kike fara leƙawa ta katanga kina kiran matan layi da sunansu ɗaya bayan ɗaya kina ce musu kada su bar yara su fita tukuna. Ba ki taɓa ƙirga wa kanki ke kaɗai ba. Sai dai a lokacin ba a ɗauke miki Modu ba. Bayan an ɗauke shi ban san me za ki ce ba, kuma ba kya nan balle in gani a fuskarki.

Sau uku na ɗauki waya yau zan ce masa na janye. Sau uku na ga kumfar nan a hannun Modu, na ajiye.

Na san za ki yi mamakin ganin na rubuto miki da Hausa, ba da harshen da kika yi mana faɗa da shi ba, kuma a fili inda kowa zai karanta. Dalilin ke nan. Na kasa sakin Bukar, na kasa gaya wa dattijon da bakina, sai na zo na laɓe a bayanki kamar yadda nake yi ina ƙarama in na fasa kwano. Ina fatan wani ya karanta, magana ta bi baki ta isa ramin nan, su san kada su dogara da shirun ɗan Borno. Ina kuma tsoron ta isa kunnen waɗanda suka ce sunansa yana wurinsu. Shi ya sa ko sunan ƙauyen ban faɗa ba. Kin ga iyakar jaruntar 'yarki.

Ina kewarki, Hajja, kewar da ban taɓa yi ba ko a ranar da aka fita da ke. Ina so in sa kaina a cinyarki ki ce kowa ƙasa, in san akwai wanda ya fi ni sanin abin yi. Shekarata arba'in da ɗaya, ga furfura ta fara, amma tun jiya yarinya ce ni.

Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah Ya dubi Modu a inda yake, a bisa ƙasa ko a cikinta. Allah Ya tsare Baba Danladi da iyalinsa da duk wanda ke gangarawa ramin nan don neman abin da zai ci.

Gobe bayan azahar za su fasa dutse. Ya Allah, duk ramin da aka cusa Ka sa ya tashi a kan lokacinsa, gobe da jibi da kullum, kada a sake jarraba ɗan'uwana. Sauran addu'ar na rubuta na goge, na sake rubutawa, ga ta nan na bar ta kafin zuciyata ta sake karaya. In har ɗaya ta maƙale, ya Allah, Ka ba Bukar ikon saɓa mini. Abincin miskinai goma na kaffarar rantsuwarsa ni zan dafa da hannuna. Abin da zai biyo baya kuma Kai na bar wa, don ni ban san yadda zan tsaya a ƙofa in sake kallon wata mota tana tafiya ba.

Amin, ya Rabbi.

'Yarki da tsoro ya fi ƙarfinta,
Yagana
Galtimari, Maiduguri